Kalmasar Rigar Mahamane

Laure ta zo ranar Asabar, kwana biyu da fitarta takaba. Na tura mata kujera, ba ta zauna ba. Ta ajiye hoto a kan teburina, ta danne shi da yatsa ɗaya.

"Kai ka yi wannan?"

Na duba. Mahamane ne, mijinta, tsaye gaban tsohon labulen shagonmu mai zanen teku. Sabuwar riga, hannu a ƙirji. A baya akwai hatiminmu.

"Ni ne, Yaya Laure."

"To ka mayar mini da shi yadda yake."

Mahamane magini ne. Na san shi kamar yadda na san rabin mutanen unguwarmu, Gataa El Oued: fuska, da ranar Sallah. Ya faɗo daga bene a wani gini a unguwar Sersouf, bai kai gidan likita ba. Na je jana'iza, na tsaya a sahun baya.

"Shekara goma sha ɗaya rabonsa da gida," ta ce. "Hoton nan kaɗai ya taɓa aikawa. Da ya isa hannun uwarsa, Inna Gwamma, ta duba ta ce ba ɗanta ba ne. Ta ce nata baƙi ne wuluk, da tsagarsa a kunci. Wannan wani Buzu ne aka laƙa wa sunan ɗanta. Lokacin kowa dariya ya yi. Shi ma ya yi. Ya ce in ya je za ta gani da idonta."

Na sake duban hoton.

"Da aka kai mata labarin rasuwa, ka san abin da ta ce? Ta ce Allah ya jiƙan mai hoton. Nata yana nan, zai zo." Ta ɗauke yatsan. "Ba ta karɓi gaisuwa ba, Ja'afaru. Ba a yi sadakar uku ba, ba a yi ta arba'in ba. Ni kuma ranar Alhamis zan hau kamiyo, babbar motar kaya, da 'yata Walida, har ƙauyensu bayan Mirriya. In shiga gidan in ce mata ni matar wa? Yarinyar nan 'yar wa?"

Na ce ta ba ni kwana huɗu.

Ga yadda abin ya faru. Ni ɗan Damagaram ne. Jarrabawar Bak ta kayar da ni sau biyu, na bar makarantar lise, na biyo hanyar arewa. A Tamanrasset na faɗa shagon hoton Si Muhsin don na iya karanta Faransanci a kan ordinater, wato kwamfuta. Shi yana da wani kanti a tsakiyar gari, ya bar mini wannan. In ɗauki hoto, in gyara, in kai labo a wanke.

Ekaran ɗin da na tarar, wato gilashin ordinater ɗin, tsoho ne. Haskensa ya mutu rabi, kuma yana ja. Duk baƙin mutumin da na sa a kai, sai ya zama inuwa mai haƙora. Sai in ja haske, in ja, har fuska ta fito mini daidai a gilashi. Amma labo ba ta san gilashina ba. Abin da na gani daidai, ita sai ta fito da shi fari fes.

Tun makon farko na lura. Na ƙudura zan gyara. Sai mutum na farko ya karɓi hotonsa, ya daɗe yana kallo, ya ce, "Kai, ashe Aljeriya ta karɓe ni." Ya kawo abokansa biyar. Leburori masu kwana su takwas a ɗaki ɗaya suna aika wa gida fuska mai sheƙi, kamar ta wanda ke zaune a buro ƙarƙashin fanka. Aka fara cewa hannuna yana da kyau. Ban gyara ba. Shekara uku.

Kuma faifan ordinater ɗin ƙarami ne. Ba na ajiye hoto biyu. Wanda na gyara nake ɗorawa a kan na asali. Don haka Mahamane na gaskiya, wanda kamara ta gani, babu shi. Sai wanda na yi.

Ranar Lahadi na gwada da ka. Na rage haske, na ƙara duhu, na kai labo. Ya fito kore-kore, kamar wanda ya kwana a rijiya. Na sake. Ya fito ruwan toka. Ban nuna wa Laure ba. Na nuna wa Sha'ibu, abokin aikinsa, wanda ya riƙe kansa ranar da ya faɗo.

Sha'ibu ya juya hoton sama da ƙasa. "Ɗan lekkol, wannan ai bayan ya mutu ka ɗauka."

"Ekaran ɗin ne ke yi mini ƙarya."

"To ka daina tambayarsa mana. In ma'aunin ruwana ya karkace, ba na ci gaba da ɗora bulo ina addu'a."

Na je kantin Si Muhsin. Na ce masa ekaran ya mutu. Ya ce ai yana kamawa. Na ce yana kamawa, amma ya mutu. Ya dube ni ta saman tabarau, ya ce in je in zaɓo, kada dai in ɗauko jirgin sama.

A siber na gari, shagon intanet, na buga shafi shida na yadda ake daidaita launi. Rabin bayanin a kan wata 'yar na'ura ne da ake rataya wa gilashi ta auna da kanta. Wataƙila akwai ta a Alje, babban birni. Nan babu. Sauran rabin na masu ido kaɗai ne. Na sa hotuna biyu a kile, 'yar ma'ajiyar da ake sokawa a ordinater: ɗaya matakala ce ta ruwan toka, hawa ashirin da ɗaya daga baƙi ƙirin zuwa fari tas, ɗaya kuma 'yan layuka ne baƙi da fari kewaye da tabo mai toka.

Litinin da safe na tafi kasuwa wajen Alhaji Abdurrazak Indabawa, Bakano mai sayar da kayan ordinater, sabo da na hannu. Yana hango ni ya fara.

"A'a, Musiye Damagaram! An zo sayen wayewa?"

"Ekaran nake so, Alhaji."

"Mu monita muka sani. Ekaran can wajen iyayen gidanku." Ya janye leda daga kan wani siriri mai baƙin baki. "Ga falat. Jiya ya sauka. Kana iya rataye shi a bango kamar kalanda. Duk kwastoman da ya shigo ya gan shi, ya san ba wasa kake ba."

Na ce a kunna. Na sa matakalata. Daga gaba tana da kyau. Na ɗan durƙusa: hawa huɗu na ƙasa suka haɗe suka zama baƙi ɗaya. Na miƙe a kan yatsun ƙafa: tokar ta koma fari-fari. Na matsa hagu, ta yi ruwan ɗorawa.

"Sallah kake yi wa monitan?"

"Launinsa yana bin kaina, Alhaji."

"To ka tsayar da kan naka mana! Ku Damagarawa dama ba kwa iya zama wuri ɗaya."

"In na yi atishawa fa? Mutum ya sauya fata?"

Ya yi dariya har hularsa ta zame. Ya kunna mini na biyu, shi ma siriri. Wannan ja yake zubawa kamar an yanka rago. Ya ce ai shi ne kyansa, kala ta fito. Na ce ba kala nake nema ba.

A can ƙurya, ƙarƙashin tarin wayoyi, akwai wani ƙato mai ƙeya, fari da ya koma ruwan madara. Gilashinsa shimfiɗaɗɗe ne, ba mai tumbi ba. Alhaji ya ce daga wani buro na masu zanen taswira ya fito, da suka sauya kaya. Ba wanda ya taya shi, don sai mutum biyu ke ɗaga shi.

Muka jawo shi. Na ce a bar shi ya yi zafi rabin awa kafin in duba.

"Shayi ne?"

"Haka takarda ta ce."

Ya aika aka kawo shayin gaske, muka sha muna jira. Ya tambaye ni me ya sa nake wahalar da kaina. Na gaya masa, a taƙaice. Bai yi tsokana ba wannan karon. Ya ce shi ma uwarsa tana Kano, kuma hoton da ya aika mata bara a shagonmu aka yi.

Da rabin awa ta cika na sa matakalar. Na ƙirga. Ashirin da ɗaya, kowane hawa da iyakarsa. Na durƙusa, na miƙe, na leƙa ta gefe. Bai motsa ba. Na sa fari zalla na duba kusurwa huɗu, ko akwai tabo. Akwai ɗan shuɗi-shuɗi a sama ta dama. Na danna wani maɓalli a ƙasa, ya yi gurnani, hoton ya girgiza kamar ruwa a kwano, tabon ya tafi.

"Wannan," na ce.

"Kowa yana gaba, Badamagare yana baya," in ji Alhaji. Amma da kansa ya kama gefe ɗaya har bakin titi.

Na ɗora shi a teburi, na kunna. Nan na ga matsala ta biyu. Farin da na gani tas a rumfar Alhaji, a shagonmu ya zama ruwan hoda. Na ɗauka ya lalace a hanya. Na tsaya ina kallo. Sai na juya na dubi ɗakin, kamar ban taɓa shigarsa ba.

Bangon ja ne. Jan ƙasar nan da aka shafe garin duka da shi. Ƙofarmu tana kallon katangar maƙwabci, ita ma ja, rana tana dukanta tana watso mana. Rigar da ke jikina ta ƙwallo ce, ja. Shekara uku ina zaune cikin jan ruwa ina auna fatar mutane.

Na je na sami Sha'ibu a bakin aiki. Na ce ina son bango ruwan toka, wanda ba ya ja, ba ya shuɗi.

"Fenti?"

"Fenti yana da ra'ayi. Siminti nake so."

Talata da sassafe ya zo da bokiti da burushi. Ya dama siminti tsararo, ya shafe bangon da ke bayan ekaran da na gefensa. Iskar garin nan ba ta barin abu da danshi. Kafin azahar ya bushe, toka sak. Na juya teburin ya ba ƙofa gefe. Na yanka kwali na yi wa ekaran rumfa, sama da gefe biyu, na shafa wa cikinta baƙin man takalmi. Na cire jar rigar na sa baƙa.

Sha'ibu ya zauna a kan bokitin da ya kife. "Yanzu kuma sai turare?"

Na shiga maɓallan. Ma'aunin farinsa yana kan dubu tara da ɗari uku, irin na buro, mai shuɗi. Na sauke shi zuwa dubu shida da ɗari biyar kamar yadda takarda ta ce. Nan take komai ya yi rawaya, kamar an zuba masa shayi.

"Ka ɓata shi," in ji Sha'ibu.

"Jira."

Muka jira. Ban dubi waje ba, na hana shi ma. Bayan minti goma na tambaye shi launin gilashin.

"Fari ne." Ya ɓata fuska. "Ka taɓa wani abu?"

"Ban taɓa ba. Idonka ne ya sauka."

Abin ya dame shi. Ni ma ya dame ni, ban dai faɗa ba. In ido yana sabawa da komai cikin minti goma, shekara uku fa?

Na rage haske har hawa na ƙarshe da mai bi masa suka kusa haɗewa, na tsaya daidai inda nake iya raba su. Na sa hoton layukan, na koma bakin ƙofa, na kanne ido, ina ce wa Sha'ibu ya matsa kaɗan, ya dawo kaɗan, har tabon tsakiya ya narke cikin layukan. Na yi haka sau uku, na ja, na kore, na shuɗi. Sannan na kai matakalar labo tare da wani hoton gwaji. Na roƙi mai injin ya kashe gyaran da injin ke yi da kansa. Ya ce hoton zai fito ba daɗi. Na ce na sani.

Na dawo na riƙe takardar a inuwar ƙofa, ina duban ta, ina duban gilashi. Kusan ɗaya. Takardar ta ɗan fi duhu. Na ƙara rage hasken gilashin, na sake dubawa. Ɗaya.

Yanzu ina da ekaran da ba ya ƙarya. Na buɗe Mahamane a kai, na ga abin da Inna Gwamma ta gani. Wani mutum ne mai fatar alkama, kunci sumul. Ban san shi ba.

To amma zuwa ina zan mayar da shi? Na tambayi Sha'ibu yadda baƙinsa yake.

"Kamar ni. A'a, ya fi ni." Ya dubi hannunsa. "Ka san Allah, ni da ƙurar siminti na san shi. Fari fat, sai ido."

Sai na tuna yadda nake aikin. Ba fuska kaɗai nake ja ba. Hoton duka nake ja, fata da riga da labule tare. In na san ainihin launin abu ɗaya a ciki, na mayar da shi wurinsa, sauran za su biyo shi. Labulen tekun babu. Si Muhsin ya sauya shi bara, tsohon yana kan rumfar wani mai shayi, rana ta cinye shi. Saura riga.

Laraba da safe Laure ta zo da ita a ƙulle cikin ɗankwali. Ta ce ita kaɗai ta hana a bayar, don ta kai wa tsohuwa. Ta shimfiɗa a teburi. Shadda ce shuɗiya. A hoton, shuɗin ya yi fari kamar sama da hantsi. A teburi ma ya koɗe. Juma'a ɗari ta bi ta kansa, da sabulu, da igiyar shanya.

"Ranar hoton sabuwa ce?"

"Ranar ya fara sa ta."

"To ba wannan launin ba ne. Ta koɗe."

Na zauna. Na ji kwana huɗun sun zube. Laure ta tsaya tana kallon rigar, ta shafa wuyan, ta shafa aljihu. Sai ta kama gindin rigar ta juya shi.

"Kana da reza?"

Na ba ta. Ta sa bakin rezar a zaren kalmasa, ta tsinke ɗaya, biyu, ta bi da farce. Ta warware kamar tsawon tafin hannu, ta buɗe ninkin. A ciki, inda rana ba ta taɓa shiga ba, shuɗin yana nan da ransa. Mai duhu, mai zurfi, kamar an rina shi jiya.

"Tela ya ninka da yawa," ta ce. "Mahamane ya yi ta faɗa, wai an cinye masa yadi."

Na riƙe wurin a inuwar ƙofa, kusa da idona. Na koma gilashi. Na fara sauke hasken hoton, a hankali, ba na kallon fuskar. Da gangan. Na rufe ta da guntun kwali don kada idona ya sa baki. Rigar kaɗai nake bi. Ta bar hantsi, ta shiga la'asar. Ta yi ja kaɗan, na rage. Na duba kalmasa, na duba gilashi. Na ƙara. Na duba. Da na kasa raba su, na tsaya.

Na cire kwalin.

Baƙi ne. Baƙi mai kyau, mai ɗan ja a goshi inda fitila ta taɓa. Ƙashin kuncinsa ya fito. Ramar da hasken ya ɓoye ta dawo, da gajiyar da ke ƙarƙashin ido. A kuncin hagu ga tsaga uku, sirara. A na dama biyu, da wani ɗan guntu da bai kai rabi ba.

Sha'ibu ya shigo daidai lokacin. Ya tsaya a bayana. Ya ce, "La ilaha illallahu." Ya matso kusa da gilashin. "Ta ukun ta dama ba ta fito ba. Ka ƙarasa masa."

"Uku-uku ne," in ji Laure. "Kamar na duk mutanen garinsu."

Abu ne mai sauƙi. In kwafi ta hagu, in juya ta, in ɗora. Minti biyu. Tsohuwa za ta nemi tsaga. Ga wadda ta rage rabi. Na ɗora hannu a kan linzamin ordinater. Na daɗe.

"Kin tabbata cikakkiya ce?"

Laure ta sake duban kuncin. Ta dubi Sha'ibu. Shi ma ya dubi ƙasa.

"Na taɓa ƙara masa abin da ba nasa ba," na ce. "Ba zan sake ba."

Sau biyu na je labo ranar. Na farko rigar ta ɗan yi kore, na gyara. Na biyu na kawo, babba, na miƙa wa Laure a bakin ƙofa. Ta karɓa da hannu biyu.

"Ya yi baƙi da yawa."

Na juya wajen teburi.

"Ja'afaru, bai kai haka ba. Ni ce matarsa."

Na ɗauko rigar, na ɗora buɗaɗɗiyar kalmasar a kan rigar da ke cikin hoton. Yadi a kan takarda. Ba a ganin inda ɗaya ya ƙare ɗaya ya fara.

Ta daɗe tana kallo. Sai ta zauna a kujerar da ta ƙi ranar Asabar.

"Shekara biyu wancan yana rataye a ɗakinmu," ta ce. "Wata huɗun nan kullum shi nake kallo. Ashe shi na riƙe." Ta goge ido da bakin mayafi. "Ka ga abin da ka yi?"

"Na gani."

Ta nemi allura. Babu a shago. Na karɓo wajen matar maƙwabci. A nan ta zauna ta mayar da kalmasar, ɗinki ƙanana, ba ta ɗago ba har ta gama. Ta naɗe sabon hoton cikin rigar. Tsohon, farin, yana kan teburi. Na ɗauka za ta bar shi. Ta kai ƙofa, ta dawo ta ɗauka.

"Wancan na tsohuwa ne. Wannan nawa. Na saba da shi."

Alhamis suka hau kamiyo zuwa In Gezzam, bakin iyakar Nijar.

Na ci gaba da aiki a sabon ekaran. Mutane suka fara karɓar hotonsu suna juya shi. Wani ya ce injina ya lalace. Wani ya ce da can na fi iyawa. Wasu suka koma wani shago a Sersouf. Si Muhsin ya zo ya dubi bangon toka, ya dubi rumfar kwali, ya tambaye ni ko kurkuku na buɗe. Kowace safiya ina kunna ekaran, in bar shi rabin awa, in ƙirga matakala. Ashirin da ɗaya.

Wata ɗaya da kwana tara, mai taksifon, rumfar wayar haya ta kusa da mu, ya leƙo ya ce ana kira na daga Nijar. Layin yana ƙara kamar ana suya.

"Ja'afaru? Laure ce. Daga Mirriya nake, na shigo kasuwa."

"Yaya Laure. Kun sauka lafiya? Ya Walida?"

"Lafiya lau. Ka ji. Na ba Inna Gwamma rigar, ta buɗe. Ta fita da hoton tsakar gida, wajen haske. Ta sa babban yatsa a kuncinsa na dama." Layin ya ɗauke, ya dawo. "Ta ce ranar da wanzami ya zo, yana kan ta ukun jaririn ya fizge kai. Ita ta hana a ƙarasa, don kukan ya ishe ta. Ta ce duk garin ba mai guntuwar tsaga sai nata."

Na jingina da bangon rumfar.

"Sai ta tambaye ni sunan yarinyar. Na faɗa. Ta ɗauke ta ta ɗora a cinya. Sannan ta ce a fitar da tabarmi ƙofar gida, a gaya wa liman. Kwana uku ana zuwa gaisuwa, Ja'afaru. Ta yi kuka har muryarta ta dushe."

Na ce Allah ya jiƙansa. Ta ce amin. Layin ya yanke kafin in tambaye ta ko wanne hoton ta rataye a ɗakinta.

Na koma shago. Wani saurayi yana jira, sabon zuwa, an aro masa kwat da ta fi shi faɗi. Na ɗauke shi gaban labule, na buɗe shi a gilashi. Ya leƙo ta kafaɗata.

"Mai hoto, ka ɗan haskaka ni mana. An ce kai ne gwani."

"Wa za ka aika wa?"

"Tsohuwata."

"Yaushe rabonka da ita?"

Ya ƙirga a yatsu. "Shekara huɗu."

Na jawo masa kujera. Na ce ya zauna ya dubi gilashin minti goma tukuna, kada ya dubi waje.